Mako shida ina koyon yadda ƙasa ke kasa biyan bashi: abin da na gani a wani kwas na intanet

Shekara 11 ke nan ina fassara labarai, kuma ban san sau nawa na rubuta cewa "ƙasa kaza ta tsiyace" ba. Na rubuta wa Girka, na rubuta wa Labanan, na rubuta wa Sri Lanka. A Nuwamban 2020, da Zambiya ta kasa biyan dala miliyan 42.5 na kuɗin ruwa, wata sabuwar ma'aikaciya ta leƙo teburina ta ce, "Yaya, wai ƙasa guda ce ta rasa dala miliyan 42? Ai wani attajirin ma yana da su a aljihu." Na yi mata 'yan kame-kame, ta gyaɗa kai don ladabi ta koma wurin zamanta. Ni da ita duk mun san ban amsa ba.

Tambayar nan ta daɗe tana cina a rai. A ƙarshe dai na cire kuɗi daga aljihuna na yi rajistar wani kwas na mako shida a intanet, wanda wata cibiya ke shiryawa don mutanen da ba su karanci tattalin arziki ba amma aikinsu na haɗa su da shi. Ba zan kama sunan cibiyar ba, tunda ba talla aka sa ni ba, kuma akwai inda zan yi ƙorafi. Da Turanci ake yin sa. Kowane mako akwai bidiyo biyar ko shida, kowanne bai wuce minti 15 ba, da ɗan karatu, da gwaji na tambaya goma, sannan zama ɗaya kai-tsaye da malamar da ke jagorantar kwas ɗin.

Mako biyun farko su ne suka biya ni kuɗina. Malamar ba ta fara da ma'anar kalmomi ba. Ƙasashe biyu ta ɗora a allo. Japan na ɗauke da bashin da ya ninka abin da ƙasar ke samarwa a shekara fiye da sau biyu, kuma ba wanda ke kwana da fargabar za ta kasa biya. Ajantina kuwa, a 2001 da ta faɗi, bashinta bai kai kashi 60 cikin 100 na abin da take samarwa ba. Sai ta ce mu dakatar da bidiyon mu rubuta dalili. Na rubuta "cin hanci", don shi ne amsar da ke bakin kowa. Ba ta ce ƙarya ba ne, amma ta nuna cewa bai isa ba. Japan da kuɗinta na yen take cin bashi, mafi yawa daga hannun mutanenta da babban bankinta. Ajantina da dala ta ci, kuma ba ita ke buga dala ba.

Daga nan aka ba mu jadawali na Excel, wanda ni a wurina shi ne mafi daraja a cikin duk kayan kwas ɗin. Ka ɗauki ƙasar da bashinta ya kai kashi 60 na abin da take samarwa, rabi da kuɗin gida, rabi da dala. Ka karya darajar kuɗinta da rabi. Kashi 30 ɗin nan na dala ya koma 60 nan take, jimilla ta zama 90, alhali gwamnati ba ta ƙara cin ko sisi ba. Na yi ta sauya alƙaluman har dare ya raba. Abin da ya faru da Ajantina ke nan: tun 1991 ta ɗaure kuɗinta da dala, peso ɗaya ya zama dala ɗaya, da igiyar ta tsinke a farkon 2002 sai bashin ya haura kashi 140. Akwai wani shafi a jadawalin da ke gwada kuɗin ruwa da haɓakar tattalin arziki. In bashinka ya yi daidai da abin da kake samarwa, ruwan da kake biya kashi 8 ne, arzikinka kuma na ƙaruwa da kashi 3 kacal, to duk shekara nauyin zai ƙaru da kusan kashi 5, sai fa in gwamnati ta tara rarar da za ta toshe wannan gibin. Ban taɓa ganin lissafi mai sauƙi da ban tsoro irin wannan ba.

Abu na biyu da ya buɗe mini ido shi ne cewa ƙasashe ba kasafai suke biyan uwar kuɗi daga aljihunsu ba. In wa'adin takardun lamuni, wato takardun da gwamnati ke sayarwa don cin bashi, ya cika, sababbi ake sayarwa a biya tsofaffi. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma muddin masu ba da rance na sabuntawa, ba a jin kan kowa. Rikici na farawa ne ranar da suka ce a'a, ko suka ce to amma da ruwa ninki biyu. Ranar nan kuwa sau da yawa ba a ƙasar da ta ci bashin ake yanke ta ba. Darasin da aka yi kan Meziko ya fito da wannan sarai. Bayan tashin farashin mai a 1973, ƙasashe masu arzikin mai suka jibge daloli a bankunan Amurka da Turai, bankunan kuma suka yi ta cusa wa ƙasashen Latin Amurka rance mai ruwan da ke hawa da sauka. Sai Paul Volcker ya zama shugaban babban bankin Amurka a 1979, ya ɗaga kuɗin ruwa har ya kai wajen kashi 20 don ya kashe hauhawar farashi a ƙasarsa. A Agustan 1982 ministan kuɗin Meziko, Jesús Silva Herzog, ya tafi Washington ya ce ba za su iya biya ba. Ƙasashe suka bi bayanta ɗaya bayan ɗaya, yankin ya yi asarar shekara goma, kuma sai a 1989, da shirin sakataren baitulmalin Amurka Nicholas Brady, aka yarda cewa dole a rage bashin kansa, ba a yi ta ɗage wa'adi ba.

A nan na samu amsar tambayar ƙanwar tawa ta ɗakin labarai. Ba wai dala miliyan 42.5 ce ta gagari Zambiya gaba ɗaya ba. Ƙasar ta sayar da takardun lamuni na dala biliyan 3 a kasuwannin waje tsakanin 2012 da 2015, ta kuma ci rance mai yawa daga bankunan China don ayyukan gine-gine. Mafi yawan dalolinta daga tagulla suke zuwa. Ga korona, ga kuɗinta kwacha na ta faɗuwa. Ta roƙi masu takardun su ɗaga mata ƙafa na wata shida, suka ƙi, gwamnati kuma ta ce ba za ta biya wasu ta bar wasu ba. Ashe kasa biya shawara ce da gwamnati ke yankewa in ta ga layin masu binta ya fi abin da ke hannunta tsawo, ba wai an buɗe baitulmali an tarar da wayam ba.

Kada in yi wa kwas ɗin sharri: bai wanke gwamnatoci ba. Mako na uku kacokan kan laifin cikin gida ne. Girka ta shiga kuɗin yuro, ta samu rance da ruwa kusan daidai da na Jamus, ta yi ta ci. A Oktoban 2009 sabuwar gwamnatin George Papandreou ta bayyana cewa gibin kasafin kuɗi ya kai kashi 12.7, kusan ninki biyu na abin da aka faɗa a baya, daga bisani ma aka gyara shi zuwa sama da 15. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Mozambik ta ɓoye basussukan da suka kai wajen dala biliyan 2 da sunan jiragen kamun kifi da tsaron teku, asiri ya tonu a 2016. Sri Lanka kuma ta haɗa wa kanta komai a tukunya ɗaya: Shugaba Gotabaya Rajapaksa ya zaftare haraji a ƙarshen 2019, har harajin VAT ya sauko daga kashi 15 zuwa 8, a daidai lokacin da hare-haren Ista na waccan shekarar suka kori masu yawon buɗe ido, korona ta zo ta ƙarasa, sannan a Afrilun 2021 aka hana shigo da takin zamani, noman shinkafa da shayi ya durƙushe. Suka yi ta kwasar asusun ajiyar kuɗin ƙetare suna biyan bashi da kare darajar rupi har ya ƙare. Ranar 12 ga Afrilun 2022 suka sanar da dakatar da biya.

Na ji daɗin yadda malamar ta bi da zancen "tarkon bashin China", don ni kaina na sha maimaita shi a labarai ba tare da na duba ba. Gaskiya ne an ba wani kamfanin China hayar tashar jiragen ruwa ta Hambantota na shekara 99 a 2017. Amma kaso mafi girma na bashin waje na Sri Lanka takardun lamuni ne da ta sayar a kasuwannin duniya, kuma su suka fi tsadar ruwa. Ba ta wanke China ba, ba ta kuma ɗora mata kayan da ba nata ba.

Mako na huɗu kan yadda ake sasantawa ne, kuma a nan kwas ɗin ya ɗan yi nauyi. Babu kotun da ƙasa za ta je ta ce ta karye a raba kadararta. Akwai Kulob ɗin Paris na gwamnatoci masu bin bashi, wanda ya fara zama a 1956 kan Ajantina, akwai Asusun Ba da Lamuni na Duniya, akwai tsarin da ƙungiyar G20 ta ɓullo da shi a 2020, wanda Zambiya ta shafe fiye da shekara uku a cikinsa kafin ta kammala da masu takardunta a 2024. Masu harkar na kiran rage bashi "aski". A 2012 masu takardun lamunin Girka sun sha askin kashi 53.5. Bidiyon da ya fi armashi shi ne na kamfanonin da ake wa laƙabi da angulu, masu sayen bashin ƙasar da ta faɗi da araha su kai ta ƙara a biya su cikakke. Kusan kashi 93 na masu bin Ajantina sun karɓi aski a 2005 da 2010, amma kamfanin NML Capital ya ƙi, ya samu hukunci a gaban alƙali Thomas Griesa a New York, har a Oktoban 2012 ya sa aka tsare jirgin ruwan sojan Ajantina mai suna Libertad a tashar Tema ta Ghana. Sai a 2016 aka daidaita. Sauran bidiyoyin makon kuwa sharuɗɗan kwangila ne da harshen lauyoyi, na kalli biyu sau uku-uku kafin na kama bakin zaren.

Sai mako na biyar, wasan kwaikwayon rikici. An raba mu biyar-biyar: ministan kuɗi, gwamnan babban banki, wakilin Asusun Lamuni, wakilin masu takardun lamuni, da shugaban ƙungiyar ƙwadago. Ƙuri'a ta ba ni minista na wata ƙasa ƙagaggiya. Ajiyar kuɗin ƙetare da ta rage ta sayo kayan mako shida ce kawai, akwai dala biliyan ɗaya da za a biya nan da wata uku, zaɓe kuma saura shekara. In na biya, babu dalar sayo mai da magani. In na sa a buga kuɗi, farashi ya tashi. In na ƙi biya, bankunan ƙasar, waɗanda suka cika rumbunansu da takardun gwamnati, su durƙushe da ajiyar jama'a a ciki. Na tafi wurin Asusun, wakilinsa ya ce in rufe gibin kashi 4 cikin shekara biyu, ya bar mini zaɓin inda zan yanka.

Ni da na shekara ina zagin ministoci a zuciyata, cikin minti 40 na soke ayyukan hanyoyi, na rage kasafin magunguna, na ƙara harajin kayan masarufi, na dakatar da ɗaukar malamai. Albashin soja ban taɓa ba. Rangwamen harajin manyan kamfanoni ma ban taɓa ba, don wasan ya nuna mini za su kwashe jarinsu. Wadda ta fito a shugabar ƙwadago ta rubuto mini: "Ranka ya daɗe minista, duk wanda ka yanka ba ya cikin ɗakin nan." Ban samu abin ce mata ba. Na ci maki mai kyau, kuma ban ji daɗinsa ba. Wasan ya koya mini cewa tsuke bakin aljihu ba ya faɗa wa wanda ya ci bashin, yana faɗa wa wanda ba shi da wanda zai yi masa magana a teburin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Shi ya sa mako na shida ya ba ni haushi. Taken kwas ɗin ya yi alƙawarin dalilai da sakamako, amma sakamakon bidiyo uku aka ba shi, kuma biyu daga ciki kan masu zuba jari ne: shekara nawa ƙasa ke yi kafin ta koma kasuwa, me kamfanonin auna cancantar cin bashi, Moody's da S&P da Fitch, ke yi wa matsayinta, ruwa nawa za ta ƙara biya. Jama'a kuwa sun fito ne a zane ɗaya mai layi yana gangarawa. An ce tattalin arzikin Girka ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, rashin aiki ya kai wajen kashi 27 a 2013, aka wuce. Ba a tsaya kan cewa fiye da rabin matasa masu neman aiki ba su samu ba, ko dubban ɗaruruwan da suka bar ƙasar, ko makonnin 2015 da aka rufe bankuna mutum ba ya iya cirar fiye da yuro 60 a rana. Ba a ambaci cewa Sri Lanka ta ɗage jarrabawar ɗalibai a Maris ɗin 2022 saboda babu dalar sayo takarda ba, ko ɗauke wuta na awa 13, ko mutanen da suka mutu a layin mai, ko hauhawar farashin da ta kai wajen kashi 70. Faɗuwar gwamnatoci ma a jimla ɗaya aka dunƙule ta, alhali shugaban Ajantina Fernando de la Rúa da jirgi mai saukar ungulu ya bar fadarsa a Disamban 2001, Rajapaksa kuma ya tsere daga ƙasarsa a Yulin 2022 bayan jama'a sun mamaye gidansa.

Wanda ya fi tsaya mini shi ne Ghana. A Disamban 2022 ta dakatar da biyan mafi yawan bashinta na waje, farashi na hawa da kashi 54, ta kuma sake fasalin bashin cikin gida kafin ta samu dala biliyan 3 daga Asusun a Mayun 2023. Kwas ɗin ya kawo wannan a matsayin misalin dabara mai kyau ta raba nauyi. Amma bashin cikin gida kuɗin wa ne? Ajiyar mutanen da suka yi wa ƙasa aiki suka saka 'yan kuɗinsu a takardun gwamnati don an ce musu babu inda ya fi nan aminci. A Fabrairun 2023 tsofaffi suka yi ta zaman dirshan a ƙofar ma'aikatar kuɗi, har da tsohuwar Alƙaliyar Alƙalai Sophia Akuffo. Aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi, kuma kwas ɗin daga ƙeya ya tsaya yana kallo.

Na kuma lura kwas ɗin na sassauta murya in an zo kan kuskuren masu ba da magani. A 2013 masanan Asusun Lamuni da kansu, ciki har da babban masaninsu Olivier Blanchard, suka amsa cewa sun raina irin ɓarnar da tsuke bakin aljihu zai yi wa tattalin arzikin Turai. An yi ta yanka don bashin Girka ya ragu, sai arzikin ya fi bashin saurin raguwa, nauyin ya tashi daga kusan kashi 127 a 2009 zuwa wajen 180. Wannan babban darasi ne, amma a ƙasan wani shafi na karatun ƙari na tsince shi. A zaman kai-tsaye na ƙarshe na ɗaga hannu na ce, "Malama, a 1953 an zauna a Landan an yafe wa Jamus ta Yamma kusan rabin bashinta na waje. Me ya sa ba a kawo shi ba?" Ta amsa da gaskiya, ta ce wancan yafiyar siyasar Yaƙin Cacar Baka ce ta haife ta, kuma sau da yawa abin da ƙasa ke samu a teburin sasantawa ya danganta da yadda manya ke buƙatarta. Amsar ta fi duk bidiyoyin makon amfani, kuma wanda bai halarci zaman ba ba zai taɓa jin ta ba, don ba a ajiye rikodin zaman ba.

Sauran ƙorafe-ƙorafen ƙanana ne amma suna ci wa mutum tuwo a ƙwarya. Rubutun da ke bin magana a ƙasan bidiyo na'ura ce ta yi shi, kuma tana kwaɓa sunayen mutane da alƙaluma, har sau ɗaya ta mai da biliyan miliyan. Bidiyoyin na cin data, ba a kuma yarda a sauke su a waya ba. Lokacin zaman kai-tsaye an tsara shi ne don wani sashen duniya, biyu sun wuce ni ina wurin aiki. A gwajin mako na huɗu akwai tambayar da amsarta ta tsufa, na aika saƙo, sai bayan kwana tara aka amsa da haƙuri, ba a kuma mayar mini da makin ba. Takardar shaida sai ka ƙara biya, abin da ba a faɗa ƙarara ba a shafin rajista. Ban karɓa ba.

Ɗan jarida, malamin makaranta, ma'aikacin majalisa, ko duk mai son ya gane abin da ake nufi in an ce ajiyar ƙetare ta ragu zuwa ta wata biyu, zai amfana sosai, musamman da jadawalin nan da wasan mako na biyar. Ba sai kana da lissafi mai zurfi ba, in ka iya kaso cikin ɗari ka wuce. Wanda ya riga ya karanci tattalin arziki zai ga mako ukun farko maimaici ne. Wanda kuma ke neman sanin abin da rikicin bashi ke yi wa asibiti da aji da ɗan fansho, sai ya nemi wannan a wani wurin, ya haɗa da kansa kamar yadda na yi. In maki ake so, na ba shi bakwai cikin goma, ukun da na riƙe kusan duk na mako na shida ne.

Na tura wa waccan abokiyar aikin tawa jadawalin, na ce ta karya darajar kuɗin da rabi ta ga abin da zai faru. A Disamban 2023 Habasha ta ƙi biyan dala miliyan 33 na ruwan takardun lamuninta, kuma da na koma kan tsohuwar fassarar da na yi wa labarin, na tarar na rubuta "ta tsiyace". Yanzu abin da nake rubutawa shi ne "ta daina biyan masu binta a kan wa'adi". Editana na ƙorafin ya yi tsawo a kanun labari, har yau muna ja.